An gyara banɗaki, wari ya ƙi tafiya: daga ina yake fitowa?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin harkar gini da famfo ku taimaka min da shawara. Bayan damina aka gyara banɗakin ɗakin surukata a gidanmu nan Kano. Da na tsuguno ne, to ciwon gwiwa ya sa tsugunon yana ba Hajiya wahala, shi ne maigidan ya sa aka fasa aka sa na zama, aka shimfiɗa sabon tayil ƙasa da bango, aka yi silin na roba, aka sa hita da 'yar fankar nan mai zuƙe iska. Aiki dai in ka gani sai ka ce ma sha Allah. Amma tun da aka gama wani wari ke tasowa. Ba ko da yaushe ba, ya fi ƙarfi da asuba, ko in an rufe ƙofa an daɗe ba a shiga ba. Na wanke da Hypo, na zuba Izal, na watsa kafur, turaren wuta kuwa ba a magana. Falamban ya zo ya leƙa ya ce warin sabon siminti ne, zai tafi da kansa. Hajiya mai kawaici ce, ba ta ce komai ba, sai dai na lura ta koma ɗaukar butarta tana alwala a tsakar gida cikin sanyin nan. Wannan ne ya fi damuna. Maigidan yana Fatakwal wajen aiki. Ta ina zan fara?

Ummu Sadiya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa ki samu gawayi ki zuba a kwano ki ajiye a lungu, yana shanye wari sosai. Sannan ki riƙa barin taga a buɗe.

Baban Yara:
Sokawe ce ta cika, ba wani abu ba. A kira motar yashe masai kawai.

Maman Khalil:
Baban Yara, an yashe ta kafin a fara aikin. Kuma sauran banɗakunan gidan duk ita suke zuba wa, babu mai wari sai wannan.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar da kika ba Baban Yara ta rage mana rabin aiki, tunda matsalar tana cikin ɗakin nan ko a bututun da ya fita daga shi. Maganar siminti kuma ki ajiye ta gefe. Siminti da gam da fenti suna da nasu warin, amma kullum raguwa yake yi, ba ya ɓacewa da rana ya dawo da asuba. Kafin komai ki gaya mana irin warin. Zarnin fitsari ne? Warin danshi da fumfuna, irin na kayan da aka ninke ba su bushe ba? Warin mushe? Ko kuwa ɗoyin masai mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai? Kowanne da inda ake nemansa. Sai kuma: da kika kunna fankar, warin raguwa yake ko ƙaruwa?

Maman Khalil:
Injiniya ɗoyin masai ne sak, da ɗan na ruɓaɓɓen ƙwai. Fankar kuwa wallahi ka tuna min, in na kunna ta na rufe ƙofa sai abin ya fi muni. Har na ɗauka ita ce ke jawo warin daga waje.

Hajiya Babba:
'Yata, ba na ce ba a nemi masu gyara ba, amma banɗaki matattara ce. An fasa wuri an tashi masu wurin, ko bisimilla wasu leburorin ba sa yi. A yi addu'o'i, a sa habbatus sauda a garwashi.

Malam na Zariya:
Addu'ar shiga da ta fita kam wajibinmu ce a kiyaye, Hajiya, Allah ya saka da tunatarwa. Sai dai warin da ke ƙaruwa in an kunna fanka, a bar Injiniya ya gama bayaninsa tukuna.

Injiniya:
Na gode Malam. Maman Khalil, fankar ba daga waje take jawowa ba. Iskar ɗakin take fitarwa, kuma dole wata iskar ta shigo ta maye gurbinta. In ƙofa da taga suna rufe, za ta shigo ta duk kafar da ta samu. Idan akwai rariyar da ke buɗe kai tsaye zuwa cemba, wato ɗan ramin nan mai murfi a waje da ruwan banɗaki ke bi kafin ya kai sokawe, to ta nan za ta biyo.

Ga yadda abin yake. Leƙa cikin masai na zama, za ki ga ruwa kwance a ƙasa kullum. Ba ƙawa aka yi da shi ba. Bututun ne aka lanƙwasa don ya riƙe ruwa, ruwan kuma shi ne murfin da ke hana iskar sokawe shigowa ɗaki. Tarko ke nan, falambobi suna ce masa tiraf. Duk wata kafa da ruwa ke fita ta cikinta a banɗaki tana buƙatar nata: masai, besin na wanke hannu, baho in akwai, da rariyar ƙasa inda ruwan wanka ke bi. Zurfin ruwan da ake so kamar santimita 5 ne. Masai da nasa ake ƙero shi, shi ya sa ba kasafai yake ba da matsala ta nan ba. Besin da rariyar ƙasa su ne sai mai aiki ya sa musu, kuma nan ake yawan yin ha'inci.

Yau da dare ki yi wannan, ba sai kin kira kowa ba. Haska tocilar waya cikin rariyar ƙasa. In kin ga ruwa kwance, sa tsinken tsintsiya ki auna zurfinsa. In duhu kawai kika gani, bututu ya miƙe, mun kusa kama ɓarawo. Sannan ki goge tayil ya bushe, ki rufe rariyar da leda mai kauri, ki bi gefunan da salatif ta ko'ina. Ki toshe ramin besin da ƙaramin ramin nan na sama da ke hana ambaliya, shi ma ki manne shi. Ki rufe ƙofa har asuba. In warin ya ɗauke, sai ki riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya a darare daban-daban, wadda ta dawo da shi ita ce. Kada ki sa turare ko Izal a daren, suna rikita hanci.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya Injiniya ya faɗa. Ni a gidana ɗakin baƙi ne ya yi haka, sifon ɗin, wato tarkon, lafiyarshi lau, ruwan ciki ne ya ƙafe don ba mai shiga. Da iskar hunturu ko zafin bazara ba ya jimawa. Yanzu duk Juma'a yara na zuba mishi buta guda, in za mu yi tafiya kuma sai a ƙara cokalin man gyaɗa bisa ruwan, yana hana shi saurin bushewa.

Maman Khalil:
Allah ya saka Alhaji, amma wannan kullum ana wanka a ciki.

Abba Kurna:
Anti ki ƙyasta ashana a bakin rariyar, in harshen wutar ya karkata to iska na fitowa.

Injiniya:
A'a Abba, ban da wuta. Cikin iskar sokawe akwai metan, ba ta da wari amma tana kamawa. A bakin rariyar ɗaki da wuya ta taru har ta yi ɓarna, sai dai wanda ya saba da ashana a nan gobe zai ƙyasta a bakin cemba. A yaga siririyar leda a riƙe a saman rariyar, in iska na fitowa za a ga tana kaɗawa.

Tunda zancen ya zo: mai warin ruɓaɓɓen ƙwan sunanta haidirojin salfaid. 'Yar kaɗan hanci yake ji, amma in ta yi yawa kashe jin warin take yi, mutum ya ɗauka babu komai. Ita ce ke kayar da masu shiga ramin masai, wanda ya bi don ceto shi ma ya faɗi. Kada a bar kowa ya zura kai ko ya sauka cikin sokawe da sunan neman wari.

Anti Nas:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne wanke-wanken da kike yi. Maman Khalil don girman Allah kada ki haɗa Hypo da ruwan wanke masai irin su Harpic, ko ki zuba ɗaya a kan ɗaya ba ki ɗauraye ba. Ɗaya bilic ne, ɗaya asid, in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, ta shaƙe maƙogwaro ta sa tari da hawaye. Ga tsohuwa a ɗakin. Mata da yawa suna yi da sunan tsafta.

Usman Falamba:
Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan, kuma na ga an fara harararmu, to bari in faɗi tawa. Sau da yawa mukan sa tarkon. Akwai rariyar ƙasa mai ɗan kofi a ciki, kofin ne ke riƙe ruwa. Mu gama mu tafi, mai tayil ya zo ya wanke siminti da farin siminti ya tura cikin rariya, ta toshe, ya ciro kofin ya jefar don ruwa ya wuce. Ko matar gida ta ga ruwa ba ya saurin tafiya saboda gashi, ta cire ta ajiye. Sai wari ya taso a ce falamba bai iya aiki ba. Na biyu, maigida ne zai je Ƙofar Ruwa da kansa ya sayo mafi araha, murfi kawai mai ƙyalli ba komai a ƙasansa, ya ce sa wannan.

Hajiya ki duba ƙarƙashin besin ma. In tiyon roban nan mai kama da maƙogwaro aka sa, wanda muke kira majik, duba ko an lanƙwasa shi ya yi gwiwa mai riƙe ruwa, ko an miƙar da shi kawai cikin bango. Kuma inda ya shiga bangon, an toshe gefensa ko akwai sarari? Bututun bango ya fi shi faɗi, ta gefen iska ke fita.

Sani Mai Tayil:
Kai Usman, kullum mu ne! Wa ya taɓa ganin falamba ya dawo ya gwada aikinsa bayan an sa tayil? Kun karɓi cikon kuɗi kun kashe waya. Ni sau nawa nake tarar da tsohon bututu a buɗe ƙarƙashin ƙasa, in yi magana a ce "rufe kawai, ba ya aiki". Hajiya ta ce da na tsuguno ne aka mayar na zama. To a wuri ɗaya aka dasa sabon ko an matsar da shi? In an matsar, ina tsohon bututun mai inci 4? An sa masa murfi da gam, ko takardar buhun siminti aka cusa aka yaɓe?

Usman Falamba:
Wannan tambayar taka tana kan hanya, ban musa ba. Amma maganar kofi ma ka san gaskiya ce.

Maman Khalil:
Malam Sani a wurin tsohon aka dasa, sai dai sun ɗan ɗaga bututun. Ku yi haƙuri kada ku yi faɗa a kaina.

Injiniya:
To wannan ya kawo wuri na uku da za a duba in leda ba ta nuna komai ba: mahaɗar masai da bututu. Akwai roba mai leɓɓa da ake sawa a tsakaninsu. Wasu ba sa sayenta, sai su zura bakin masan cikin bututu su yaɓe da siminti, simintin ya tsage daga baya. Ruwa ba lallai ya zubo ba, tunda ƙasa yake bi, amma iska tana fita ta saman tsagar. Ki ɗan girgiza masan da hannu, in yana motsi ki gaya mana. Ki kuma shinshina ta bayansa.

Ɓoyayyen bututun da Malam Sani ya ambata kuma akwai hanyar gwada shi: bayan an manne duk rariyoyi, wani ya buɗe cemba a waje ya zuba abu mai ƙarfin ƙamshi, ko Izal ɗin ma ya isa, da ruwan zafi, ya mayar da murfi. Wanda bai taɓa Izal ɗin ba shi zai shiga ɗakin ya bi bango da ƙasa da hanci. Inda ƙamshin ya ɓullo, nan kafar take.

Ummu Sadiya:
Ni fa hitar nake zargi. Tamu in aka buɗe ruwan zafi sai warin ƙwai.

Injiniya:
Yana faruwa, musamman da ruwan bohol. Akwai wani sandan ƙarfe a cikin hita da ke kare ta daga tsatsa, wani ruwan in ya haɗu da shi da ƙwayoyin cuta sai ya ba da wannan warin. Gane shi ba wuya: tara ruwan zafi a kofi, fita da shi tsakar gida ki shinshina, ki gwada da na sanyi. Amma na Maman Khalil da asuba yake tashi kafin a taɓa famfo.

Maman Khalil:
Jama'a barkanmu da safiya, ga rahoto. Na haska rariyar, babu ko ɗigon ruwa, rami ne kawai ya tafi, har wani ƙaton kyankyaso ya leƙo. Na manne ta da besin kamar yadda Injiniya ya ce. Da asuba na buɗe ƙofa, wallahi kamar ba ɗakin ba. Na buɗe besin na bar rariyar a manne, shiru. Da na cire ledar rariyar kuwa ko minti ba a yi ba ya dawo. Masan ba ya motsi. Na kira falamban ya zo, da na nuna masa sai ya ce ai irin wadda aka sayo ke nan. Ya ce sai an fasa tayil.

Usman Falamba:
Kada ki yarda a fasa tukuna. A auna faɗin bakin bututun, yawanci inci 2 ne. Ana sayar da ɗan tarko da ake zurawa ta sama, wani mai riƙe ruwa, wani na roba mai leɓe da ke buɗewa in ruwa ya zo ya rufe in ya wuce. A tafi da tsohon murfin kasuwa don a gwada. In bututun ya fita ta bango ana ganinsa a waje, mafi kyau ma a yanke shi a can a sa cikakken tarko, ba a taɓa tayil ko ɗaya ba. Na roban yana taurarewa da daɗewa, sai an riƙa canzawa, na wajen kuwa an gama ke nan.

Sani Mai Tayil:
Ka ga dai ba kofi aka jefar ba.

Baban Yara:
Ku zuba baƙin mai ko kananzir a sokawen, kyankyasan da warin duk su mutu.

Injiniya:
Baban Yara ka yi haƙuri, wannan kam a'a. Ƙwayoyin da ke cikin ramin su ke narkar da ƙazanta, in an kashe su sai ta fi saurin cika. Man kuma ƙasa yake bi ya je ga rijiyar maƙwabta. Dama shawarar da ake bayarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, a filayenmu na cikin gari wa yake samun haka? Kada mu ƙara wa abin.

Maman Khalil:
Na dawo kuma. An sa tarkon a waje kamar yadda Malam Usman ya ce, abu ya yi kyau, Hajiya ta koma alwala a ciki. Amma akwai saura. Wani lokacin in an ja ruwa a banɗakinmu da ke jikin nata, sai a ji masan Hajiya yana ɓul-ɓul, rariyar ta yi wani ƙara kamar ana zuƙa, bayan nan ɗan warin ya dawo. Bai kai na da ba, amma yana nan.

Injiniya:
Yawwa. Wannan ƙaran shi nake jira. Hajiya fita waje ki ɗaga kai ki duba bangon banɗakunan da kan sokawen. Akwai dogon bututu a tsaye da ya wuce rufin gida, bakinsa a buɗe? Da can akwai shi?

Maman Khalil:
Tabɗi. Da akwai, wani baƙi dogo a jikin bangon, har tsuntsaye na sauka a kai. Yanzu babu. A daidai wurin aka kafa ƙarfen sabon tankin ruwa.

Injiniya:
To shi ne numfashin gidan aka toshe. Bututun nan aiki biyu yake yi. Yana fitar da iskar da ke taruwa a sokawe can sama inda ba mai shaƙa. Sannan in an ja ruwa, ruwan da ke gangarowa yana tura iska a gabansa yana jan wata a bayansa, ta bututun nan ake samun daidaito. In babu shi, jan yana komawa kan tarkon da ya fi kusa ya tsotse ruwansa, yadda mai cire fetur daga tanki ke zuƙar tiyo sai man ya biyo. Ɓul-ɓul ɗin kuma iska ce da ta rasa hanya ta kutso ta cikin ruwan masai. Da rariyar tana buɗe ita ke yi wa gidan duka wannan aikin, cikin ɗakin Hajiya sokawen ke numfashi, shi ya sa sauran banɗakunan ba su yi wari ba. Yanzu da aka rufe ta sai rashin bututun ya fito fili.

A nemo inda aka yanke shi. A mayar da shi da faɗinsa na da, in tankin ya tare hanya a karkatar da gwiwa biyu a bi gefe. Ya wuce rufi, kada a tsayar da shi ƙarƙashin inuwar kwano, kada kuma ya ƙare cikin silin, na sha ganin haka. In akwai taga cikin mita 3 da shi, bakinsa ya fi ta tsawo da kusan mita 1. A ɗaura raga a bakin saboda sauro da ƙudaje, ba murfi ba.

Usman Falamba:
Wannan ba aikin falamba ba ne, masu walda da birkila ne suka yanke don ƙafar tanki ta zauna. Na rantse ko tambaya ba su yi ba.

Sani Mai Tayil:
Shi falamban da ya zo ya ce warin siminti ne, bai da wuyan ɗaga kai?

Usman Falamba:
Nan kam ba ni da bakin kare shi.

Maman Khalil:
Alhamdu lillahi. An fasa filasta a gindin bangon, ga guntun bututun nan an cusa masa buhun siminti an shafe. Malam Sani, takardar da ka ambata ce dai, wuri ne kawai ya bambanta. An haɗa sabo an bi da shi ta bayan tankin har sama da rufi, an sa raga. Mun ja ruwa a banɗakunan biyu a tare, ba ƙara, ba wari, na kunna fanka na rufe ƙofa ma shiru. Injiniya, Malam Usman, Malam Sani, Anti Nas, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Hajiya ta ce a gaishe ku. Saura rigimar kuɗi: ɗan kwangilar ya ce bututun ba ya cikin lissafinsa, maigidan ya ce ai ba shi ya ce a yanke ba.

Malam na Zariya:
Wanda ya ɓata shi ke gyarawa, in dai ba da izinin mai gida aka yanke ba. Kuɗin tarkon ne abin dubawa, ya danganta da wanda ya sayo rariyar. In akwai ragowar kuɗinsa a hannunku a zauna da shaidu a cire cikin mutunci.

Maman Khalil:
Akwai ragowa Malam, kuma ɗan kwangilar ne ya sayo kayan duka, rasit ɗin yana wajena. Sai maigidan ya dawo ƙarshen wata za su zauna.

Ummu Sadiya:
Injiniya na gwada kofin, ruwan zafin ne kawai ke wari, na sanyi lafiya. Wa zan kira, falamba ko mai gyaran wuta?

Injiniya:
Falamba, amma a kashe wutar hitar daga makunni kafin ya taɓa. Ya zubar da ruwan ciki duka, ya wanke ta, ya ciro sandan ya duba. In warin ya dawo bayan wankin sai a canza sandan da na alminiyam.